Ranar da Na Yanka Fili a Kwamfutar Baba

Kwamfuta ɗaya ce tak a gidanmu na Dawaki a wancan lokacin, kuma ta Baba ce. Laftof ce baƙa, tsohuwa, mai nauyin da in ka ɗauko ta daga ɗaki zuwa falo sai ka sauya hannu. Ya saye ta ne bayan ya yi ritaya daga aikin awon filaye, ya sa tela ya ɗinka mata riga da ragowar shaddarsa, har da zif. Duk wanda ya ga yadda yake zare ta daga rigar nan ya san ba abin wasa ba ce.

Tun shekarar da ruwan sama ya shiga gidaje a unguwarmu ya jiƙa wa mutane takardu, maƙwabta suka koyi kawo wa Baba takardun filaye da na gonaki, ya ɗauki hotonsu ya adana a ciki. Ba ya karɓar ko sisi. Abin da yake so shi ne ya ji ana cewa, ai takardar wane tana wurin Alhaji. In ya ji haka har tafiyarsa sauyawa take yi.

Cikin masu ajiyar akwai wani tsohon amininsa manomi daga Kagarawal, wanda muke kira Baffa. Nasa ya fi na kowa nauyi, domin bayan an ɗauki hoton takardar gonarsa, gara ta shiga akwatinsa ta cinye ta asalin, sai 'yan gutsattsari. Abin da ya rage masa a duniya da ke nuna gonar tasa ce shi ne hoton da ke cikin kwamfutar Baba. A makon da nake ba da labari kuwa ya aiko cewa zai zo ranar Asabar ya karɓi kwafi, don gari ya cimma gonar, dangi za su zauna a fitar da iyakoki, manya kuma sun ce a zo da takarda.

Ni a lokacin ina koyarwa a wata firamare, kuma ina zuwa wani aji a unguwar Malam Inna inda wata malama ke koya mana rubuta manhajar kwamfuta. Ita ce ta ce kowa ya sa Linux, wata babbar manhaja mai tafiyar da kwamfuta irin Windows, a kwamfutarsa kafin mako mai zuwa. Ta ce ba sai an cire Windows ba, kwamfuta ɗaya tana iya ɗaukar duka biyun, in ka kunna sai ka zaɓi wadda za ka shiga. Abin da ake buƙata kawai shi ne a raba faifan da ke cikinta, inda komai yake zaune, a yankar wa Linux nata ɓangaren. Ta ɗora mana Linux ɗin a kan filash, kowa ya tafi da nasa.

Kwana uku na yi ina zagaye Baba. Na yi masa shayi ba a tambaye ni ba, na goge masa takalma, har labarin wata rigimar iyaka da ya raba tun ban shiga makaranta ba na zauna na saurara daga farko zuwa ƙarshe, labarin da na haddace kamar karatun allo. Da na yi masa bayanin manhaja biyu, kallona kawai ya yi. Sai Allah ya ba ni dabara na ce masa fili zan yanka a cikin kwamfutar. Nan take ya gyara zama. Ya tambayi girman filin gaba ɗaya, da nawa zan yanka, da ko ta gabas ko ta yamma. Na ce masa giga ɗari biyar ne, hamsin kawai nake so. Ya yi lissafi a ransa ya ce kashi ɗaya cikin goma, ba laifi.

Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, shi ya sa ba ya kiran sunana. Ya ce, “Uwata, ki yanka inda kika ga dama. Ajiyar mutane ce kawai ban yarda ki taɓa ba.”

Na fita tsakar gida ina rawa. Mama tana tankaɗe ta ce in matsa kada in zubar mata da gari, wai mace da digirinta tana tsalle a kan ƙarfe.

Ranar Laraba da safe, muna hutun makaranta, Baba ya tafi duba wani maras lafiya, na shimfiɗa darduma a falo na zare kwamfutar daga rigarta. Kada a ce ban yi hankali ba, na yi. A tsakiyar allon akwai wata folda da aka rubuta AJIYA da manyan baƙaƙe, wadda ko makaho ya shafa zai gane. Na kwafe ta tsaf zuwa wani filash daban, na ɗaure shi a bakin mayafina. Ban buɗe ta ba, don na ga ba tarbiyya ba ce leƙa ajiyar mutane. Na zauna ina yaba wa kaina.

Na sa filash ɗin Linux na kunna. Komai ya tafi daidai, na zaɓi harshe, na zaɓi agogo, ina 'yar waƙata. Da aka zo wurin faifai sai Linux ɗin ta tsaya, ta ce ba ta samu isasshen wurin da za ta zauna ba. Na koma baya na sake gwadawa. Ta maimaita. Na tuna malama ta ce in haka ta faru a koma cikin Windows a matse ɓangarenta tukuna, a bar fili fayau. Na koma, na nemo wurin da ake matsewar. Windows da bakinta ta nuna mini cewa fiye da giga ɗari biyu babu komai a cikinsu, amma da na ce ta sakar mini hamsin, sai ta ce shida kawai za ta iya bayarwa.

Shida. Ni ina da saurin hawa, kowa a gidanmu ya sani, kuma babu abin da ke tunzura ni kamar mai abu ya ce babu alhali ina kallon abin a hannunsa. Na yi mata magana da baki. Na ce mata ko 'yan kasuwar da ke ɓoye kaya in sun ji farashi zai tashi ba su kai ta rowa ba. Mama ta leƙo ta ga ni kaɗai ce a falon, ta girgiza kai ta koma.

Sai na yanke hukunci da kaina cewa datti ne ya yi mata yawa. Na goge finafinan da na taɓa ɓoyewa a ciki, na goge hotunan bikin wata ƙawata da ba mu shiri yanzu, abin da ya yi mini daɗi ƙwarai. Na duba, shida dai. A nan ne idona ya faɗa kan kwandon shara da ke gefen allo, wurin da duk abin da aka goge yake taruwa kafin a zubar da shi gaba ɗaya. Na buɗe na ga fayiloli ɗaruruwa. Sunayensu ma sun isa shaida: ba amfani ɗaya, ba amfani biyu, tsohon abu, tarkace, tarkace kuma. Na ce ikon Allah, shekara da shekaru dattijon nan bai san ana zubar da shara ba. Na danna a kwashe. Kwamfutar ta tambaye ni ko na tabbata. Ban taɓa tabbata da wani abu a rayuwata kamar ranar ba.

Ta yi 'yar ƙara irin ta takarda in an duƙunƙune ta, kwandon ya koma fari tas. Na yi wa kaina tafi, na koma wurin matsewa da guduna. Shida ta sake ba ni, ko ɗigo bai ƙaru ba.

Ina cikin wannan hararar Baba ya yi sallama, an kusa kiran azahar. Na tare shi da rahoto, ina so ya ga ƙoƙarina ko da aikin bai kammala ba. Na nuna masa filash ɗin da ke bakin mayafina, na ce ajiya tana nan lafiya. Na ƙara da cewa har shara na kwashe masa.

Ya tsaya da takalmi ɗaya a ƙafa. “Wace shara?”

Na nuna masa kwandon. Ya matso, ya sa tabarau, ya duba, ya cire tabarau. Sannan ya cire hula ya ajiye a hannun kujera, ya zauna a ƙasa kusa da ni, abin da ban taɓa ganin ya yi ba in ba cin abinci zai yi ba. A kicin na ji Mama ta ajiye ludayi, don ita tun daga tambayar ta gane.

Ya kamata ni ma in gane. A gidan nan aka haife ni. A gidanmu abu mai daraja ba ya zama a wuri mai kyau. 'Yan kunnen gwal na Mama a cikin gwangwanin kanwa suke, ƙarƙashin kanwar. Makullin sito yana cikin wani yagaggen takalmi a bayan ƙofa. Akwatin ƙarfen da ke ɗakin Baba, mai kwaɗo biyu, in ka buɗe tsofaffin kalandu ne a ciki. Sau nawa ya ba mu labarin cewa lokacin yana aiki, takardar da yake tsoron a sace ko a sauya, a ƙasan kwalin takardun da za a ƙona yake cusa ta, don mai neman abu ba ya duba shara? Wannan dabarar ya ɗauko ya shigo da ita cikin kwamfuta. Ya sauya wa takardun mutane suna, ya tura su kwando, in ana buƙatar ɗaya ya maido da ita. Foldar AJIYA kuwa tarko ce ya ɗana wa ɓarawo, ni ce kuma na faɗa.

Na kwance filash ɗin na buɗe a wayata. Katunan gayyatar aure ne, da hotunan ragunan layya na shekaru daban-daban, da jadawalin shan maganin hawan jini.

Baba bai yi faɗa ba. Da ya yi da na fi samun sauƙi. Ya ce a hankali, “Takardar Baffanki tana ciki.”

Tsoro ya kama ni, kunya ta rufe ni, na ji kamar in nutse cikin dardumar. Kuma abin takaici, a daidai lokacin ne dariya ta taso mini, irin wadda ke zuwa wa mutum a inda bai kamata ba. Ina kallon hoton wani rago mai karyayyen ƙaho a wayata, hawaye na zuba, kafaɗuna na girgiza, ni kaina ban san wanne nake yi ba. Mama ta shigo ta daka mini duka a baya ta ce in nemi malamar tawa tun kafin in haukace.

Da na kira malama a waya, ba ta bari na gama bayani ba. Ta ce in ɗauke hannuna daga kwamfutar, in danne maɓallin kashewa har sai ta mutu, kada in ajiye komai, kada in buɗe komai. Na sa wayar a sifika don Baba ya ji. Ta ce idan an goge abu, sunansa kawai ake cirewa daga rajista, shi kansa yana nan kwance a faifan har sai an rubuta wani abu a kansa. Baba ya ɗago kai. Ya tambaye ta ko tana nufin an tuge turakun iyaka ne amma ƙasar tana nan, ba a yi gini a kai ba. Ta ce haka ne daidai, Baba. Ya miƙa hannu ya ɗauki hularsa.

Bayan sallah muka tari keke Napep zuwa Malam Inna. Baba ya ƙi ba ni kwamfutar. Ya ɗora ta a cinya ya riƙe da hannu biyu kamar mai ɗauke da tiren ƙwai, duk ramin da muka tunkara sai ya ce wa mai keken ya bi a sannu. Mai keken ya tambaya ko maras lafiya ne a cikin jakar. Baba ya ce kusan haka. Na juya fuska waje ina cizon mayafi.

Abin da ya fi ba ni mamaki, da filash ɗin Linux ɗin nan nawa aka yi aikin ceton. Malama ta kunna kwamfutar daga kansa ba tare da ta girka komai ba, ta haɗa wani faifai nata na waje, ta saki wata manhaja da ke bin faifan Baba taƙi-taƙi tana tsinto abin da aka goge. Lamba ta fara hawa a allo. Goma, arba'in, ɗari. Baba ya ja kujera ya zauna gab da allon yana karanta lambar da ƙarfi, sauran ɗaliban ajin suka bar abin da suke yi suka kewaye mu. Duk ɗarin da aka cika sai a yi shewa. Wani dattijo mai furfura da 'yan mata da samari suna yi wa lamba kirari, ni kuma ina tsalle a baya na manta ni ce mai laifin.

Sai dai fayilolin sun dawo babu suna, lambobi ne zalla, kuma sun haura dubu, domin manhajar ba ta san bambancin abin da na goge da safe da abin da aka goge shekara biyar baya ba. Dole a buɗe su ɗaya bayan ɗaya. Malama ta ba mu aron wata kwamfutar ajin da faifan nata, muka kwashe ranar Alhamis cur a falo muna wannan aiki. A nan na ga abin da Baba ya sani. Kafin in karanta sunan da ke kan takarda ya riga ya faɗa, daga siffar filin kawai. Wannan na mai shayin bakin kwari ne, wannan na gwauruwar bayan masallaci, wannan mai kusurwa biyar na tela ne. Ni ina rubuta suna, shi yana kira.

A tsakani kuma wasu abubuwa suka riƙa fitowa da ba a gayyace su ba. Ashe lokacin da Baba ya sayi kwamfutar ya yi ta gwada kyamararta shi kaɗai. Hotuna sun fi talatin, hancinsa ya cika allo, a wani ya karkata hula, a wani yana murmushin da ba mu taɓa gani a fuskarsa ba. Mama ta yi dariya har ta zame daga kujera. Baba ya ce in wuce, ba abin da muka zo nema ba ke nan, amma gefen bakinsa yana motsi.

Har muka tashi ranar ba mu ga ta Baffa ba. Dariyar tana zuwa tana wucewa, amma tunanin takardar bai bar ni ba. Na kasa cin tuwon kirki. Na riƙa ganin Baffa a gaban danginsa hannu wofi, da Baba yana neman kalmar da zai faɗa wa mutumin da suka yi shekara arba'in tare.

Ranar Juma'a da hantsi ta fito. Ina dannawa da sauri har na kusa wuce ta, Baba ya kama hannuna. A kusurwar zanen akwai wata 'yar bishiya da aka zana da biro, ɗorawar da ke iyakar gonar ta arewa, ga dangwalen yatsa biyu a ƙasa. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce alhamdu lillahi, sau ɗaya, a hankali. Ni ce na yi ihun. Na fita tsakar gida da gudu babu takalmi, na rungumi Mama da hannunta cike da kumfar wanki.

Uku daga cikin takardun sun dawo rabi a toshe, ba sa karantuwa. Allah ya taimaka masu su suna da na asali. Baba ya bi su gida-gida da ƙafarsa ya sake ɗauka, kuma na ji abin da ya faɗa wa ɗayansu a ƙofar gida, cewa mun yi kuskure a wurin ajiya. Mun, ya ce, bai ce ta ba.

Da yamma muka mayar wa malama kayanta, sai ta nuna mana asalin abin da ya hana yankan. Ashe sharar ba ta da laifi ko kaɗan. Akwai wasu manyan fayiloli na Windows kanta, ciki har da wanda take zuba duk abin da take yi a cikinsa in an rufe murfi ta yi barci, kuma sun je sun zauna can ƙarshen faifan. Ba ta iya ɗaga su tana aiki, kuma ba ta yanka ta tsallake su, shi ya sa take ba da ɗan abin da ke bayansu kawai. Baba ya ce ya gane, rijiya ce aka haƙa a ƙarshen fili. Malama ta kashe barcin da sauran na ɗan lokaci, ta sake kunna kwamfutar, ta ce in gwada da hannuna. Na danna, shidan nan da ta hana ni sukuni ta koma ɗari da tamanin da wani abu. Na buga tebur har biro ya faɗi.

Kafin mu tafi ta faɗa wa Baba wata magana da ta fi duka girgiza shi. Ta ce kwandon shara yana da iyaka, in ya cika da kansa yake zubar da tsofaffin ciki ba tare da ya tambayi kowa ba. Baba ya ce ashe mai gadin nasa ma ba amintacce ba ne. Ya karɓi takarda da rula ya zana faifan, ya raba shi uku da layuka miƙaƙƙu: na Windows, na Linux, da na ajiya shi kaɗai a gefe. Haka muka yanka shi, bisa zanensa, ni kuma na samu hamsin ɗina cif.

Asabar da safe Baffa ya iso a kan kekensa, da ɗaurin ɗanyar gyaɗa a baya. Na riga na buga takardar kwafi uku a shagon bakin titi. Na kai musu ruwa zaure, na durƙusa na gaishe shi, na miƙa wa Baba takardun, ban san abin da zai faɗa ba. Zai iya yin shiru, babu wanda zai sani. Sai ya ba shi labarin duka, har da kwandon, har da hotunan hanci, Baffa yana dariya yana share ido da hannun riga. Da ya gama ya nuna ni.

“Daga yau ajiya tana hannun uwata. Ni ɓoyewa kawai na iya. Ita ta san inda abu yake tafiya in ya ɓace.”

Baffa ya duba takardun, ya shafa 'yar ɗorawar da yatsa. Ya naɗe biyu ya sa a aljihu, ya miƙo mini ta ukun da hannu biyu, ya yi mini godiya da Fillanci. “Useko, 'yata. Wannan ki riƙe mini.”

Na karɓa. Na shiga ɗaki na sa ta a leda, na nemo wani tsohon kwalin takalmi na saka ta a ƙasa, na tura shi can ƙarƙashin gado. Sai da na gama rubuta “ba amfani” a jikin kwalin na lura da abin da hannuna ya yi. Na bar shi haka, amma na fita tsakar gida na faɗa wa Mama inda yake.